Ƙwaƙwalwar kwamfuta ma takan taɓu: a yi hattara kafin a fidda kuɗi

A yau kwamfuta ta riga ta shiga cikin harkar saye da sayarwa ta zauna daram. Manyan ƴan sari na Maraɗi da Damagaram da ita suke riƙe lissafin buhunan da suka shiga mangaza da waɗanda suka fita, da sunayen waɗanda ake bi bashi. Masu aika kuɗi, da masu sayar da magani, da masu fotokofi da buga takardu a Tawa da Yamai, duk da ita suke neman abinci. Iyaye mata da yawa kuma sun kwashi adashinsu sun saya wa ɗa ko ɗiya kwamfuta saboda karatun jami'a.

To amma kukan da muke yawan ji daga bakin masu ita iri ɗaya ne. Ana tsakiyar aiki sai ta tsaya cak, ko allonta ya yi shuɗi, ko ta mutu ta tashi da kanta, aikin da aka wuni ana yi ya bi ruwa. A kai ta wurin mai gyara ya ce ƙwayar cuta ce ta shige ta, ya share komai ya sake zuba Windows, a biya shi. Bayan mako guda ciwo ya dawo. A sake komawa ya ce a sayi sabon faifan ajiya, a saya, ciwo yana nan. Haka jika biyar jika goma za su yi ta fita har su kusa kuɗin wata kwamfutar. Wani lokaci an bar jaki ne ana dukan taiki, domin ciwon yana can cikin ƙwaƙwalwar injin, wato abin da masu gyara ke kira firosesa. A kan wannan ne za mu yi bayani yau, don mai saye da mai sayarwa kowa ya san inda ya sa ƙafarsa.

Mece ce firosesa?

Firosesa wata ƴar aba ce mai kusurwa huɗu wadda ba ta kai faɗin tafin hannun yaro ba, tana zaune a kan babban allon da ke cikin kwamfuta, an ɗora mata ƙarfe mai shan zafi da fanka. Duk wani lissafi da kwamfuta ke yi, daga tara kuɗin buhu goma zuwa nuna hoto, ta hannunta yake bi. A cikinta akwai ƙananan makunnai na lantarki waɗanda ido ba ya gani. Firosesar Pentium da kamfanin Intel na Amurka ya fitar a 1993 tana da irin waɗannan makunnai miliyan 3 da ɗoriya. Na yanzu kuwa nasu ya kai dubban miliyoyi. Kusan duk kwamfutocin da ke cikin kasuwanninmu, firosesarsu ta Intel ce ko ta AMD, shi ma kamfanin Amurka ne.

Ƴar kasuwa mai awon hatsi za ta fi kowa gane matsayin wannan aba. Firosesa ita ce tiyar kwamfuta. In tiya ta fashe kowa zai gani, hatsi zai zube, a daina awo da ita. In kuwa lotsawa ta yi kaɗan daga gindi, za a yi ta awo da ita ana cutar mai saye ko mai sayarwa ba wanda ya sani. Lalacewar firosesa ma iri biyu ce. Akwai wadda ke sa inji ya tsaya ko ya mutu, akwai kuma wadda ke barinsa yana aiki lafiya lau yana ba da amsar da ba daidai ba. Ta biyun ta fi haɗari.

Darasin shekarar 1994

Ƴan kasuwarmu ba za su manta da 1994 ba, shekarar da aka karya darajar sefa. A wannan shekarar ce kamfanin Intel ya shiga wata babbar kunya. Wani malamin lissafi mai suna Thomas Nicely, na kwalejin Lynchburg a jihar Bajiniya ta Amurka, ya lura a watan Yuni cewa amsoshin da sabuwar kwamfutarsa mai Pentium ke ba shi ba su dace da na sauran injunansa ba. Bai yi garaje ba. Sai da ya share watanni yana bincikar kowane sashe ɗaya bayan ɗaya, har ya tabbata a watan Oktoba cewa firosesar ce ba ta iya rabawa daidai a wasu lambobi.

Ga misalin da ya bazu a duniya. A ɗauki 4.195.835 a raba shi da 3.145.727, sannan a sake ninka amsar da 3.145.727. Kowane ɗan makaranta ya san dole a dawo kan lambar farko. Amma waccan Pentium in ta yi wannan lissafi sai a tarar 256 sun ɓace. Dalili shi ne a cikinta akwai wani jadawali mai gurabe fiye da dubu da take dubawa in za ta yi rabawa, sai gurabe biyar suka zo da kuskure tun daga masana'anta.

Abin da ya fi ɓata wa jama'a rai shi ne kamfanin ya riga ya gano matsalar tun watanni kafin nan, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ci gaba da ciniki. Da asiri ya tonu sai ya ce ai mai aikin ofis sai ya yi shekara 27.000 kafin ya ci karo da kuskuren sau ɗaya, kuma ba zai musanya wa kowa ba sai wanda ya nuna hujjar cewa aikinsa na buƙatar lissafi mai zurfi. Kamfanin IBM, wanda ke sayen firosesar yana haɗa kwamfutoci, ya yi nasa binciken ya ce kuskuren na iya faruwa sau ɗaya cikin kwana 24, ya kuma dakatar da sayar da injunansa masu Pentium ranar 12 ga Disamba. Ranar 20 ga Disamba Intel ya ba da kai, ya ce duk mai so ya kawo a musanya masa. Wannan ya ci masa dalar Amurka miliyan 475. Ba dalarmu ta tamma biyar muke nufi ba, a canjin wancan lokaci kuɗin sun kai wajen miliyar 250 na sefa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A watan Agusta na 2000 Intel ya janye Pentium III mai gudun 1133 MHz daga kasuwa, wata guda kacal bayan fitowarta, saboda masu gwaji sun tarar tana tsayawa in aka ɗora mata aiki mai nauyi. An ƙure mata gudu ne fiye da ƙarfinta don a riga abokin gasa. Shi ma AMD bai tsira ba. A ƙarshen 2007 firosesarsa ta Phenom ta fito da wani aibi mai iya sandarar da kwamfuta, maganin farko da aka bayar kuma ya rage mata gudu, sai a 2008 aka fito da wadda aka gyara.

Ciwon da ya fi kusa da mu

Wanda ya fi shafarmu a yau shi ne na firosesar Intel Core zubi na 13, wadda ta fito a Oktoba 2022, da zubi na 14 na Oktoba 2023. Masu manyan kwamfutocin tebur sun yi ta kukan cewa injunansu na yin lafiya watannin farko, daga baya su fara tsayawa, kuma kullum abin ƙaruwa yake. An zargi katin hoto, an zargi masu ƙera babban allo, an zargi masu rubuta wasannin kwamfuta. Sai a watan Yuli na 2024 Intel ya amsa cewa umarnin da ke cikin firosesar ne ke sa ta neman wuta fiye da kima, wutar kuma tana cin wani sashe nata a hankali, kamar yadda lodi fiye da ƙa'ida ke cin ƙafar mota tun lokacinta bai yi ba.

Kamfanin ya fitar da gyara a watan Agusta da Satumba na 2024, wanda ake zubawa ta hanyar sabunta BIOS, wato ɗan tsarin da ke tada kwamfuta kafin Windows. Ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti, wadda aka saya a kwalinta ta tashi daga shekara uku zuwa biyar. Wanda ya sayi kwamfuta haɗaɗɗiya an ce ya koma wurin kamfanin da ya haɗa ta. Amma a lura da kyau, gyaran rigakafi ne kawai. Firosesar da wuta ta riga ta ci ba ta warkewa, sai musanya. Kuma ba a janye su daga kasuwa ba.

A nan ne abin tsoro yake gare mu. Yawancin kwamfutocin da ke shigowa ƙasar nan kwance ne, waɗanda aka yi aiki da su a Turai ko Amurka ko Dubai, ofisoshi da ɗaiɗaikun mutane suka sake su bayan wasu shekaru. Ke nan a shekarun nan masu zuwa ne injunan 2022 zuwa 2024 za su yawaita a butik ɗinmu, kuma a cikinsu ba za a rasa waɗanda masu su suka rabu da su don sun gaji da tsayawarsu ba. Firosesar da ta ciwu ba ta da tabo ko ƙauri. Tana kunnuwa, tana nuna Windows, sai an ɗora mata kaya take durƙushewa. Ana gane zubin ne da lambarta, wadda ke farawa da 13 ko 14, kamar i9-13900K, i7-14700K ko i5-13600K. Intel ya ce wannan matsala ba ta shafi kwamfutocin tafi-da-gidanka ba, na tebur ne masu ƙarfi, irin waɗanda masu haɗa bidiyon biki da masu ɗab'i da masu zanen gine-gine ke nema.

Kuskuren da ba ya ihu

Ita kuwa lotsattsiyar tiya, har gobe tana nan. A 2021 injiniyoyin Google da na Facebook, waɗanda ke da dubban ɗaruruwan injuna, kowannensu ya fitar da rahoto cewa akwai firosesar da ke ba da amsar ƙarya jefi-jefi ba tare da wata alama ba. Google ya ce yana samun ƴan ƙalilan a cikin kowane ƴan dubban injuna. Facebook ya ba da misalin wata da aka sa ta lissafa girman wani kundi ta ce sifili ne, sai injin ya ɗauka babu komai a ciki ya tsallake shi, bayanai suka ɓace.

Ba muna cewa a daina yarda da kwamfuta ba. Ga mai inji ɗaya abin ba kasafai yake faruwa ba. Sai dai kwamfutar da ta fara tsaye-tsaye, bai kamata a bar mata amanar littafin bashi ita kaɗai ba. In ta mutu a daidai lokacin da take ajiye lissafi, kundin gaba ɗaya na iya lalacewa ya ƙi buɗuwa, kuma mun san yadda gardamar bashi ke raba abokan ciniki na shekara da shekaru in babu rubutu.

Kada a ɗora mata laifin da ba nata ba

Duk da abin da muka zayyana, gaskiyar magana ita ce firosesa tana cikin sassan da suka fi daɗewa ba su lalace ba. A ƙasa irin tamu, abubuwan da suka fi sa kwamfuta tsaye-tsaye sanannu ne.

Na farko zafi. Yawancin firosesa ba sa jure abin da ya wuce awo 100 ko kusa da haka. In suka kai nan sai su rage gudu, in abin ya ƙi su kashe kansu don kada su ƙone. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin gari ke haura 40, shagon kwano marar iska tanda ne ga kwamfuta.

Na biyu ƙura. Hazon hunturu da ƙurar bakin hanya suna toshe fanka da ƙarfen shan zafi har su yi kamar an liƙa musu auduga. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen shi ma yakan bushe bayan wasu shekaru.

Na uku wuta. Ɗaukewa da dawowa, da hawa da saukar ƙarfinta, da ƙaramin janareto marar daidaito, suna kashe akwatin wutar kwamfuta, shi kuma in ya raunana sai ya riƙa ba firosesa wutar da ba ta isa ba. Na huɗu katin ram, wanda yake riƙe aikin da ake cikin yi. In ya lalace ko bai zauna daidai a raminsa ba, alamominsa kusan ɗaya ne da na firosesa.

Yadda ake gano gaskiya

Mai gyaran kirki yakan yi irin abin da malam Nicely ya yi, ya bi sassa ɗaya bayan ɗaya, ya fara da mai araha. Ga abin da ya kamata ku nema a yi a gabanku kafin ku yarda ku sayi wani sabon sashe.

A buɗe injin a busa ƙura, a duba fanka na juyawa, a sake man shafawa. A duba zafin firosesa da ɗaya daga cikin manhajojin da ake samu kyauta, irin su HWMonitor. A gwada ram da MemTest86, a bar shi ya yi awoyi, in da hali ya kwana. A gwada wani akwatin wuta da aka tabbatar da lafiyarsa. A maida BIOS kan yadda ya fito daga masana'anta, domin wasu sukan ƙara wa firosesa gudu fiye da abin da aka ƙera ta a kai. In duk an yi wannan ciwo bai tafi ba, sai a ɗora mata lissafi mai nauyi da Prime95 ko OCCT. Lafiyayyar firosesa takan yi awoyi tana wannan aiki ba kuskure, mai ciwo kuwa sau da yawa cikin mintoci take faɗuwa. Da Prime95 ɗin nan ne ma aka gano wani aibi a firosesar Intel zubi na 6. Hujja ta ƙarshe ita ce a cire ta a sa wata irinta a wannan injin. In ciwo ya tafi, an kama ɓarawo.

Haka nan in allo ya yi shuɗi, ko baƙi a sabon Windows 11, akwai rubutun da ke fitowa a ƙasa. Ku ɗauki hotonsa da salula ku nuna wa mai gyara. In kalmar WHEA na yawan fitowa, alama ce cewa matsalar ta ƙarfen injin ce, sake zuba Windows sau goma ba zai yi magani ba.

Ga mai saye

Ba a cinikin biri a sama. Kada ku biya kuɗin kwamfuta don kawai ta kunnu ta nuna hoto mai kyau. Ku je da wanda ya san kan abin, a sa mata gwajin nauyi na aƙalla awa guda a cikin shagon. A buɗe CPU-Z a ga ainihin sunan firosesar, kada a dogara da takardar da aka manna a jikin akwati. Tun shekarun 1990 macuta suke kankare lambar ƙaramar firosesa su buga ta babba, kamar mai zuba tsohuwar shinkafa cikin sabon buhu. In lambar ta fara da 13 ko 14 kuma ta tebur ce, a tambaya ko an sabunta BIOS, a kuma tsawaita gwajin.

Ku nemi faktir mai ɗauke da lambar injin da kwanan wata, a rubuta a ciki kwana nawa aka ba ku na mayarwa in ta nuna aibi. Alkawarin baka ba ya tsayawa a gaban sarkin kasuwa. Wanda zai kashe jika ɗari biyu ko uku a kan kwamfuta, kada ya yi ƙyashin ƙara kuɗin ondiler mai riƙe wuta in an ɗauke. A ɗora injin a kan tebur inda iska ke ratsawa, a rufe shi da zane in an kashe, a kai shi a busa ƙura bayan hunturu kafin bazara ta kama. Lissafin shago kuma a riƙa kwafe shi kowace yamma a wani wuri dabam, manyan basussuka a bar su a littafi kamar yadda iyayenmu suka saba.

Ga mai sayarwa

Ƴan uwanmu masu shigo da kwamfutoci, ku ma kuɗinku ne a ciki. Wanda ya saro injuna ashirin ba gwaji, biyar suka dawo masa, ribar tafiyar ta tafi, sunansa kuma ya ɓaci a kasuwa. Ku tambayi lambar firosesa tun kafin a ɗaura kaya, ku gwada kowane inji kafin ya hau kanta, wanda ya faɗi gwaji a ware shi a sayar da sassansa. Wanda kuka san yana da aibi ku faɗa wa mai saye, ku rage masa kuɗi in ya yarda. Addininmu ya hana ɓoye aibin haja, kuma ko ta fuskar kasuwa ɓoyewar ba riba. Intel da duk girmansa ya gwada yin shiru a 1994, ƙarshenta sai da ya biya abin da yake gudu.

Wani abin lura a labaran nan shi ne, a 1994 da 2024 duka, kamfanin bai motsa ba sai da masu saye suka haɗa baki suka kawo hujja. Mutum ɗaya in ya yi kuka sai a ce masa bai iya aiki da inji ba ne. Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na masu gyara a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai su riƙa sanar da juna irin injin da ke yawan dawowa da lambarsa, don kada kaya marar kyau ya bar wannan kasuwa ya je ya cuci mutanen waccan. Mu ma ƙofarmu a buɗe take ga duk mai tambaya ko ƙarin bayani a kan wannan batu.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.